Adabi ko sashen muhalli, ta wace ƙofa mai son karatun adalcin muhalli zai shiga jami'a?

Akwai yara da yawa yanzu, wasu sun gama sakandare suna jiran cike fom, wasu kuma sun gama digirin farko suna laluben masta, da abin da ke cin su a rai shi ne maganar muhalli, amma ba wai auna ruwan sama ko ƙirga itace kawai ba, suna son su gane wa ake zalunta in ƙasa ta lalace, wa ya kwashi riba wa aka bari da guba, kuma da wane ma'auni mutum zai tsaya ya ce wannan abin da aka yi ba daidai ba ne. To matsalar ita ce da wuya ka ga kwas mai wannan sunan ɓaro-ɓaro a jami'o'inmu, dole sai dai ka shiga ta wata ƙofa. Manyan ƙofofin biyu ne, ko dai ta adabi, wato sashen Ingilishi ko sashen harsunan Najeriya inda ake Hausa, ko kuma ta sashen jogarafi da kula da muhalli. Akwai ta uku, falsafa da karatun addini, zan zo kanta don ita ce ke riƙe da ɓangaren sanin ya kamata, amma ba ko wace jami'a a arewa ke da sashen falsafa ba don haka ga yawancinmu zaɓin tsakanin biyun farko ne.

Kafin mu shiga kwatanci ya kamata ka san daga inda maganar ta taso don zai taimake ka ka gane me za a koya maka. A Amurka ne aka fara kiran abin da sunansa. A 1982 gwamnatin jihar North Carolina ta zaɓi wani yanki da ake kira Warren, inda mafi yawan mazauna baƙar fata ne talakawa, ta ce nan za a binne ƙasar da ta gurɓace da wani sinadari mai guba, mutane suka fito suka kwanta a kan titi gaban manyan motoci, aka kama sama da mutum 500. A 1987 wata coci ta fitar da rahoto da ya nuna cewa launin fatar mazauna unguwa shi ne babban abin da ke nuna inda ake kai sharar guba a ƙasar. Mu ma ba mu daɗe ba aka kawo mana tamu har gida, a 1988 aka gano dubban durom na sharar guba da aka yi jigilarsu daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Wannan abin kunyar ne ya sa gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Ka ga tun asali karatun ba na tsuntsaye da furanni ba ne, karatu ne na wa ke da ƙarfi wa ba shi da shi.

Bari mu fara da adabi tunda shi ne mutane suka fi raina wa. In ka shiga sashen Ingilishi, shekara biyu na farko ba za ka ji ƙamshin muhalli ba sam, za a yi ta ba ka waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai da tarihin adabi da ra'o'in tarke, wato hanyoyin nazarin adabi, sai ka kai aji uku ko huɗu in ka yi sa'ar malami mai sha'awar abin sannan za ka ji ana maganar nazarin adabi ta fuskar muhalli. Shi ma wannan fannin ba tsoho ba ne, ƙungiyar masu yin sa ta farko a 1992 aka kafa ta a Amurka, kuma da farko su ma dazuzzuka da tsaunuka da kaɗaici suka fi damuwa da su, sai daga baya marubutan Afirka da Indiya da baƙaƙen Amurka suka ja shi zuwa maganar talaka. A Najeriya kuwa kusan duk hanyar Neja Delta take bi, kuma da dalili. Tun 1956 da aka samu mai a Oloibiri ake fama da malalar mai da ƙona iskar gas, kuma wanda ya fitar da kukan Ogoni duniya ta ji marubuci ne, Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin Abacha ta rataye tare da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Don haka za ka karanta shi, za ka karanta waƙoƙin Tanure Ojaide da Niyi Osundare, da labarin da Helon Habila ɗan Gombe ya rubuta a 2010 kan 'yan jarida biyu da suka shiga ƙoramun Delta. Farfesa Sule Egya ma ya fitar da littafi a 2020 kacokan a kan muhalli da gwagwarmaya a adabin Najeriya, duk mai son wannan layin zai ci karo da shi.

Me adabi zai ba ka wanda ɗayan ba zai ba ka ba? Kunne. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Za a koya maka ka lura da wa ke magana a cikin rubutu da wa aka rufe wa baki, ka lura da yadda ake kiran wuri daji ko fili wanda ba kowa alhali akwai masu kiwo da masu itace da matan da ke tsinkar ganye a wurin shekara da shekaru, ka lura da yadda rahoto zai ce an samu asarar rayuka ba tare da ya ce wa ya jawo ba. Akwai wani malami Rob Nixon da ya yi littafi a 2011, ya ce akwai irin zaluncin da ba ya zuwa da ƙara ko jini, a hankali yake cin mutane shekara goma shekara ashirin, guba a rijiya, ƙasa tana mutuwa, tafki yana ja da baya, kuma saboda ba shi da hoto mai tada hankali sai 'yan jarida da 'yan siyasa su wuce shi, ya ce aikin marubuci ne ya sa a gan shi. Duk wanda ya taso a Yobe ko Jigawa ko Damagaram ya san wannan zaluncin tun kafin a sa masa suna, amma karatun zai ba ka hanyar da za ka yi bayaninsa ga wanda bai taɓa ganin yashi ya cinye gona ba.

Inda adabi ya gaza kuma ba zan ɓoye maka ba. Za ka iya gama digiri da sakamako mai kyau, ka rubuta kundi shafi tamanin a kan gurɓatar ruwa, amma ba ka san yadda ake ɗibar samfurin ruwa a kai ɗakin gwaji ba, ba ka san me dokar ƙasa ta ce ba, ba ka iya karanta taswira ba. Kuma akwai wata cuta da ta kama kundayen ɗalibai a wannan fannin, kowa littattafan Delta guda uku ko huɗu ɗin nan yake ɗauka, ya jera inda aka ambaci mai da kifi ya mutu, ya ce marubucin ya nuna illar gurɓata muhalli, shi ke nan. Wannan ba nazari ba ne, kuma yana ba ni takaici ƙwarai don fannin ya fi haka daraja nesa ba kusa ba.

Yanzu ɗaya ƙofar. Sashen jogarafi kusan ko wace jami'a tana da shi, wasu kuma kamar BUK suna da sashen kula da muhalli daban. Sharuɗɗan shiga ma sun bambanta, a ɓangaren adabi ana neman ka da kiredit a adabin Ingilishi ko Hausa, nan kuma lissafi da jogarafi da darussan kimiyya ake dubawa, don haka ga ɗan sakandare wani lokacin sakamakon WAEC ɗinsa ne ma zai yanke masa hukunci tun kafin ya yi dogon tunani, sai a duba ƙasidar JAMB ta shekarar don ko wace makaranta da nata. A nan za ka koyi yanayi da ƙasa da ruwa, ƙididdiga, zana taswira da kwamfuta da karanta hoton tauraron ɗan'adam, za ka fita fil, wato aikin gani da ido a wajen aji, za ka yi aikin koyon sana'a na wata shida a wata ma'aikata. Za ka san dokar 1992 da ta wajabta a yi binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, za ka san NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da an bi dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, za ka san dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna. Kuma arewa tana da gado mai kyau a wannan ɓangaren, Michael Mortimore ya shafe shekaru yana koyar da jogarafi a Zariya da Kano yana bin manoman karkara yana rubuta yadda suke jure wa fari, Michael Watts kuma ya zauna a ƙasar Katsina ya rubuta a 1983 cewa yunwa a ƙasar Hausa ba rashin ruwan sama kaɗai ke kawo ta ba, haraji da kasuwa da mulkin mallaka sun karya hanyoyin da mutane ke taimakon juna da su a da. Ka ga ashe maganar adalci tana nan a jogarafi, ba wai babu ba ce.

Amma fa sai ka neme ta da kanka. Yawancin kwasakwasan an gina su ne don su fitar da ma'aikaci mai cike fom da rubuta rahoto, ba mai tambayar ko aikin ma ya dace a yi shi ba. Za a koya maka yadda ake rubuta rahoton illar muhalli, ba lallai a zauna da kai a tattauna cewa kamfanin da zai yi aikin shi ne ke biyan kuɗin rahoton ba, da abin da wannan ke yi wa gaskiyar mai rubutawa. Kundin ɗalibai kuma su ma suna da tasu cutar, a raba takardar tambayoyi ɗari biyu, a fitar da kaso cikin ɗari, a ce gwamnati ta wayar da kan jama'a, an gama. Mutanen da abin ya shafa sun koma lambobi a tebur.

Hanya mafi sauƙi da za ka gwada kanka ita ce ka ɗauki abu ɗaya da ya faru ka ga wace tambaya ce ta fara zuwa maka. Ɗauki Zamfara a 2010. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna dakawa suna niƙawa, ashe dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida ta bi abinci ta bi hannun yara masu rarrafe, yara sama da 400 suka mutu kafin likitocin ƙungiyar MSF da sauran masu agaji su shawo kan abin, kuma Bagega sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa saboda kuɗin gwamnati sun ƙi fitowa. To in abin da ya fara zuwa ranka shi ne nawa ne adadin dalmar a ƙasar, ta ina ta bi ta shiga jini, yaya ake kankare ƙasa a sauya wata, wace hanya za a bi a ci gaba da haƙar ba tare da an kashe yara ba, kai ɗan sashen muhalli ne, kar ka ɓata lokaci. In kuma abin da ya hana ka barci shi ne me uwar da ta binne yara uku take faɗa wa kanta, me ya sa aka fi saurin ɗora laifi a kan jahilcin ƙauyawa fiye da talaucin da ya sa su daka dutse a turmi, zinaren ina ya tafi wa ya sa shi a wuya, me ya sa har yau ba mu da wani babban labari ko fim da ya riƙe wannan abin don kar a manta, to kai adabi ne gidanka.

Haka Bakolori. An gina dam kusa da Talata Mafara a shekarun 1970, aka karɓe gonaki, diyya ta zama rigima, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda aka buɗe musu wuta, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan mutanen yankin kuma suka ce ɗaruruwa ne. Ɗan jogarafi zai nuna maka yadda dam ɗin ya rage ambaliyar da masu noman fadama na ƙasa da shi suka dogara da ita, irin abin da madatsun ruwa na Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 suka yi wa fadamun Haɗeja da Nguru inda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ɗan adabi kuma zai je ya nemi tsofaffin da suka gani da idonsu, ya nemi waƙoƙin da aka yi, ya tambayi me ya sa yaran Zamfara da Sakkwato da yawa ba su taɓa jin labarin ba. Duka biyun aiki ne na gaske, amma ba mutum ɗaya ke jin daɗin yin su ba.

Sai maganar sanin ya kamata, wadda ni a wurina ita ce zuciyar abin kuma ita ce duk ƙofofin biyu suke yi wa riƙon sakainar kashi. A falsafa ne ake zama a yi gardama a kan tambayoyi irin su shin itace da dabba da kogi suna da haƙƙi don kansu ko don amfanin mutum kawai, shin waɗanda ba a haifa ba tukuna suna bin mu bashi, shin ƙasashen da suka ƙona kwal da mai shekara ɗari biyu suka yi arziki za su iya ce wa Nijar ko Chadi kar su taɓa nasu. Za ka ji sunan Aldo Leopold da ya ce a 1949 mutum ɗan gari ne a cikin halittu ba sarkinsu ba, da Arne Naess ɗan Norway da ya ce halittu suna da daraja don kansu, sannan za ka ji Ramachandra Guha ɗan Indiya da ya mayar musu da martani a 1989 cewa wannan son dajin da ba mutum a cikinsa shi ne ke sa a kori ƙauyawa daga ƙasarsu don a keɓe wa damisa wuri. Wannan gardamar tana da daɗi kuma tana buɗe kai. Amma abin da nake so ɗalibinmu ya gane shi ne ba da hannu biyu wofi ya zo ba. Wanda ya yi islamiyya ya san mutum halifa ne a bayan ƙasa kuma amana aka ba shi, ya san aya ta 41 a suratur Rum da ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ya san hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da makiyaya da wuta, ya san ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, ya san an hana almubazzaranci da ruwa ko a alwala, ya san an ce in alƙiyama za ta tsaya da dashe a hannunka ka dasa. Malaman fiƙihu sun yi bayani dalla-dalla a kan hurumin rijiya da na kogi da wanda ke sama da wanda ke ƙasa a rabon ruwan ban ruwa. Ɗalibin da ya iya haɗa wannan da rigimar burtali da mashaya, da dokar keɓe makiyaya ta 1965 ta tsohuwar jihar Arewa da yadda aka cinye filayen, wallahi zai rubuta abin da ba wanda zai iya rubuta shi a Landan. In jami'arku tana da sashen falsafa ko nazarin addinin Musulunci ko shari'a, ka ɗauki kwas na zaɓi a can ko da ba zai ƙara maka maki sosai ba. Kirista ma yana da nasa rumbun, wasiƙar Fafaroma Francis ta 2015 a kan muhalli ana karanta ta har a jami'o'in da ba na addini ba.

In ka zaɓi adabi akwai wani zaɓin a ciki, Ingilishi ko Hausa, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ingilishi zai ba ka littattafan ra'i kai tsaye, zai sauƙaƙa maka neman masta a waje da buga maƙala a mujallun duniya, wannan gaskiya ne ba musu. Amma filin ya cika, duk abin da za ka ce a kan Delta wani ya riga ka. Hausa kuwa fili ne buɗaɗɗe. Waƙoƙin makaɗan noma, waƙoƙin daka da niƙa, waƙoƙin roƙon ruwa na yara da mata, kirarin mafarauta da masunta, tatsuniyoyin da kurege da gizo ke rigima a kan rijiya, rubutattun waƙoƙin da aka yi a kan fari da yunwa, sunayen da kakanninmu suka sa wa shekarun yunwa irin Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, har littattafan da mata ke rubutawa a waya yanzu da finafinan Kannywood, in ka karanta da idon muhalli za ka ga tsadar gawayi da layin ruwa da cin rani da ambaliya suna nan birjik ko da marubucin bai yi niyya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen da suka ga tafkin Chadi ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar 1980 sun faɗi abubuwa da yawa da bakinsu da ba wanda ya naɗa. 'Yan'uwanmu na Nijar ma suna da nasu, Arlit da ake haƙar yuraniyom tun 1971 aka shafe shekaru ana haska biranen Faransa da shi alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar ba lantarki, ga kuma labari mai daɗi na manoman Maraɗi da Damagaram da suka bar gawo da sauran itatuwa suka sake tofowa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 har aka kiyasta wajen hekta miliyan 5, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an sassauta tsarin da ya mai da itace na gwamnati, manomi ya ji itacen gonarsa nasa ne. Wannan ai maganar adalci ce tsantsa.

Wahalar sashen Hausa ita ce littattafan ra'in duk da Ingilishi ko Faransanci suke, kai za ka karanta ka narkar ka samo kalmomin da za ka faɗe su, kuma ba ko wane malami ne zai yarda ya duba kundi a kan abin da bai saba da shi ba, wani zai ce ka koma jigo da salo kawai. Don haka kafin ka cike fom ɗin masta ka je sashen da ƙafarka, ka shiga laburarensu ka duba kundayen shekara biyar da suka wuce, ka tambayi ɗaliban da ke ciki wane malami ne ke son sabon abu. Mai duba aikinka ya fi sunan jami'ar muhimmanci a wannan fannin, ko a wane sashe ne.

Maganar abinci kuma dole a yi ta don iyaye za su tambaya kuma suna da gaskiya. Sashen muhalli ya fi kusa da aiki kai tsaye, ma'aikatun muhalli na jihohi, NESREA, hukumar da ke kula da shirin katangar itatuwa ta Afirka, kamfanonin da ke rubuta rahoton illar muhalli, shirye-shiryen Bankin Duniya irin ACReSAL da ke jihohin arewa 19 da Abuja, ga ƙungiyoyin agaji, kuma wanda ya ƙware a taswirar kwamfuta yana iya samun aikin kansa. Ba wai aikin yana jiranka a bakin get ba ne, kowa ya san halin da ake ciki, amma dai in an tallata gurbi sunan digirinka yana cikin jerin. Ɗan adabi kuwa hanyarsa koyarwa ce da jarida da rediyo da fassara da rubuta fim da sashen hulɗa da jama'a na ƙungiyoyi, kuma dole ya ƙara wata ƙwarewa a gefe. Sai dai akwai gurbi guda da na ga yana ƙara buɗewa, mutumin da ya fahimci maganar sauyin yanayi sosai kuma zai iya bayaninta da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane ba tare da ya raina mata hankali ba, irin waɗannan mutanen ba su da yawa ko kaɗan. Ta wajen kashe kuɗi a makaranta kuma adabi ya fi sauƙi, littafi ne da data da kuɗin mota in za ka je naɗar waƙa, shi kuwa ɗan muhalli akwai kuɗin fita fil da gwajin samfur da kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

To ni in ƙanena ko ƙanwata suka tambaye ni ga abin da zan ce. Wanda ke matakin digirin farko, yana da darussan kimiyya, kuma gida ana jiran ya fara kawo wani abu, ya shiga jogarafi ko kula da muhalli, amma ya ɗaura wa kansa karatun adabi da na sanin ya kamata a gefe, ko wane hutu littafi biyu, don labari mutum yana iya karantawa shi kaɗai a ɗaki amma auna dalma a ƙasa sai da malami da kayan aiki. Wanda kuma tun farko rubutu ne a jininsa, yana jin waƙa ta tsaya masa a rai kwana da kwanaki, kar ya bari a tsorata shi da cewa adabi ba ya kawo abinci har ya je ya yi shekara huɗu yana ƙin abin da yake karantawa, ya shiga adabin, ya ɗauki duk kwas ɗin zaɓi da zai samu a jogarafi, ya ƙulla abota da 'yan can ya riƙa bin su fil. A matakin masta kuwa tsallakawa daga kimiyya zuwa adabi ko akasin haka yana da wuya a tsarinmu, yawanci sai an bi ta difloma ta gaba da digiri, don haka ya fi sauƙi ka tsaya a sashenka ka jawo ɗayan ɓangaren cikin kundinka, in dokar makarantar ta yarda ka nemi mai duba aiki na biyu daga can. Kuma ko a ina ka tsaya, ka zaɓi wuri ɗaya da ka sani ka yi aikinka a kansa, ruwan majemun Challawa da Sharaɗa da ke gangarawa gonakin mutane, ko ambaliyar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumba 2024, ko burtalin garinku da aka yanka filoti, ka fara zuwa kana sauraron mutanen wurin tun kana aji biyu ba sai an ce ka kawo taken kundi ba.